Agogon Malam a Hannun Yero

Shafi na 17

Masu cika min waya tun asuba da "ina ci gaba, ina ci gaba", to ga shi nan, ku bar ni in sha ruwa. Hajiya Maiturare, ke da kika ce Dinah ta burge ki don ba ta ɗaukar raini, karanta wannan tukuna, sai mu yi magana.

Sababbin zuwa, ga inda muka kwana. Dinah mai rumfar hatsi a kasuwar Birnin Gwari ta kwashe adashenta kaf ta saya wa mijinta, Malam Elnathan, agogo na gani na faɗa lokacin da aka ba shi hedimasta a makarantar firamaren garin. Jiya ya dawo gida hannu wayam, ya ce ya manta shi a ofis. Yau kuma ranar kasuwa ce.

*

Da ƙafa Dinah ta banko ƙyauren gidan, ko sallama babu. Ɗankwali ya zame ya rataye a wuya, zufa na bin ta, hannunta na dama a dunƙule a ƙirji.

"Baban Ann! Baban Ann, fito ka ga ikon Allah!"

Malam Elnathan yana zaune a gindin mangwaron tsakar gida, rediyo a gefe yana ta surutu shi kaɗai. Hannun hagu na cikin aljihun riga, yadda ya saba kwanan nan.

"Lafiya, Maman Ann? Wa kika bar wa rumfa da tsakar rana?"

"Rumfa ta ci kanta. Rufe idonka."

"Ni yaro ne?"

"To buɗe shi da kyau."

Ta ware tafin hannu. Agogon ne, mai koriyar fuska, da maɗaurin fata mai jan ɗinki wanda ta sa baduku ya yi masa musamman. Tsinken sakan yana ta tafiyarsa sumul, babu ruwansa da abin da ke faruwa.

Ta jira ya yi tsalle. Sai kawai ya miƙa hannun dama ya kashe rediyo.

"A ina kika samo shi?"

"A ofis ɗinka mana." Ta kwaikwayi muryarsa ta jiya. "Ofis ɗin ne ya yi ƙafa, ya sa malfa, ya ɗauki sanda, ya shigo kasuwa."

"Dinah."

Rabon da ya kira ta da sunan yanka har ta manta. Amma daɗin nasara bai bar ta ta ji ba.

"Yero ne! Yeronka na rugar bayan makaranta. Wanda kake cewa ɗan'uwanka ne, wanda nake wa matarsa gyara a kan kowane mudu. Ya zo wucewa ta layinmu, na ce sannu Yero. Ya ɗaga hannu zai yi min jinjina, hannun riga ya zame. Baban Ann, jan ɗinkin nan ko cikin duhu na gan shi zan gane."

"Me kika yi?"

"Me zan yi? Na cafke hannun. Na ce jama'a, ɓarawo!"

Kai, Dinah. Duk wanda ya san garin nan ya san wannan kalma ba a jefa ta kan mai sanda da malfa a tsakiyar kasuwa. Waɗanda aka kwashe wa 'yan'uwa a hanyar Kaduna suna cikin kasuwar nan. Waɗanda suka gudo daga Gwaska da kayan jikinsu kaɗai suna ciki. Kowa da ciwonsa a rai, neman inda zai sauke shi yake, kuma ba tambaya zai tsaya yi ba.

"Me ya ce?" Malam ya tambaya.

"Me ɓarawo zai ce? Bakinsa ɗaya, wai Maman Ann ki tambayi Malam. Ana marinsa yana ki tambayi Malam. Da 'yan sa-kai ba su shigo sun janye shi ba, da yanzu wani labarin ake. Suna can wajen shugabansu Dabo da shi."

Malam ya dafa kujera da hannun dama zai miƙe. Kujerar ta goce, ya koma ya zauna daɓas.

"Ni na ba shi."

"Ka me?"

"Ni na ba shi, Dinah. Da hannuna."

Dinah ta dubi agogon, ta dube shi.

"Ka ba shi." Ta maimaita a hankali, idonta na kaɗawa. "Kyauta ta. Ka ba makiyayi ya bi shanu da ita."

"Ki saurare ni..."

"A'a, kai za ka saurare ni! Ka san abin da na sha kafin agogon nan ya shigo gidan nan? Zanin Kirsimeti ban yi ba. Zumuntar mata suka yi anko, ni kaɗai na shiga majami'a da tsohon zani, ana kallo na. Saboda me? Saboda tun muna saurayi da budurwa kake ba ni labarin hedimastanku na firamare mai agogon da ba ya cin batir. Na ce ranar da ka zama hedimasta, ko zan yi yawo tsirara sai ka ɗaura irinsa!"

Gaskiyarta ce, wannan kam ba zan danne mata ba.

Ranar da ta je shagon Bilyaminu mai agogo, sai da ta hana shi ganin sauran masu ciniki. Ya shimfiɗa mata guda uku a kan baƙin ƙyalle, duk otomatik, duk babu batir. Na farko ɗan Turai ne, na hannu. Da ya faɗi kuɗinsa sai ta ce ya mayar da shi akwati kar numfashinta ya taɓa shi. Saura biyu 'yan Japan, kusan kamarsu ɗaya.

"Mene ne bambancin?" ta tambaye shi.

Ya juya mata bayan ɗaya. Gilashi ne, ana hango wani ɗan ƙarfe mai kamar rabin wata yana lilo a ciki.

"Wannan ƙarfen shi ne abincinsu, Maman Ann. In hannu ya motsa, ya juya, agogo ya ci. Amma wancan mai ɗan tsadar, ko an ajiye shi, ana iya wana shi da ɗan maɓallin gefe. Wannan koren kuwa ba a wana shi. Motsin hannu kaɗai ya sani. In da hali ki daure ki ɗauki wancan."

Ta yi dariya har da tafa hannu.

"Mijina da ke wuni yana fama da yara, ran Lahadi kuma ya rungumi ganga a majami'a? Ai agogon ne zai gaji ya nemi hutu. Ba ni koren, rarar in yi masa maɗauri mai kyau."

Haka ta zaɓa, kuma ta fito tana jin ta yi wa kasuwa wayo.

Ba a daɗe ba agogo ya fara tsayawa. A kwanta yana tafiya, a tashi ya mutu. Dinah ta koma shagon Bilyaminu ta zazzage masa kwandon rashin mutunci a gaban mutane, ta ce jabu ya sayar mata. Bawan Allah ya duba, ya ce lafiyarsa ƙalau, a dai riƙa ɗaurawa. Can kuma sai agogo ya warke da kansa, ya daina tsayawa. Ita a tunaninta masifarta ce ta gyara shi.

"Ashe ba ka so," ta ci gaba, hawaye na zuba yanzu. "Da ka faɗa min ba ka so..."

"Zo ki ɗaura min."

"Ba zan ɗaura ba."

"Don Allah, Maman Ann. Babu lokaci. Zo ki ɗaura min shi yadda kika yi ranar farko."

Wani abu a muryarsa ya sa ta matso. Ta tsuguna tana huci, ta jira ya miƙo hannu. Bai miƙo ba.

"To miƙo mana."

"Ciro shi."

Ta harare shi, ta zura hannu cikin aljihun rigarsa ta jawo. Nauyin ne ya fara ba ta mamaki. Hannun ya yi sanyi, yatsun sun lanƙwashe ciki, ya rame har agogon zai iya yawo a jikinsa.

"Ɗaga shi sama," ya ce.

Ta ɗaga.

"Saki."

Ta saki. Hannun ya faɗo kan cinyarsa tim, ya zame gefe yana reto.

"Yesu!" Ta ja da baya ta zauna a ƙasa. "Baban Ann, daina wasa. Ɗaga shi."

Ya cije leɓe, jijiyar wuyansa ta miƙe. Kafaɗa ta ɗan motsa, gwiwar hannu ta ɗan ɗago, daga nan shi ke nan.

"Iyakarsa ke nan."

"Tun yaushe?"

"Tun farkon damina. Ina cikin aji na ji kaina ya sara, littafi ya faɗi daga hannuna. Na je asibiti ni kaɗai. Suka ce hawan jini ne ya taɓa ɓarin jiki, amma da sauƙi, in tafi Kaduna a duba ni sosai. Da farko yana ɗan motsi. Kullum raguwa yake."

Tun farkon damina, ga shi har an fara yankan dawa.

Sai abubuwa suka riƙa dawo mata ɗaya bayan ɗaya. Babur da ya jingine ya koma hawa acaɓa, wai mai ya yi tsada. Ganga da ya bar wa matasa, wai a ba na baya dama. Wanka da ya koma yi tun kafin ta tashi. Jarkar ruwa da ya daina kama mata. Ita kuma me ta ce? A gaban maƙwabta ta tsokane shi, ta ce tunda Baban Ann ya ɗaura agogo hannun hagu ya zama basarake, ba ya aiki sai hutawa a aljihu. Aka yi dariya, har da shi.

"Me ya sa ba ka mayar da shi hannun dama ba?" ta tambaye shi.

"Na mayar."

Ta tuna. Ita da kanta ta kwance shi a bakin ƙofa, ta ce hedimasta guda da agogo a dama kamar yaron mota, ta mayar masa hagu ta ɗaure tam.

"Na gwada girgiza shi a ɓoye," ya ce. "Ba ya kai safe. Ranar da kika je kika ci mutuncin Bilyaminu ban yi barci ba. Yero ne ya gan ni bayan makaranta ina ta kaɗa agogo kamar mahaukaci. Shi ya fara lura da hannun, tun kafin in yi magana. Ya ce Malam kawo, ni wuni nake ina tafiya da sanda. Da safe in ba shi, in an tashi ya dawo min da shi a ƙoshe. Jiya jiri ya kama ni na taho da wuri, ban jira shi ba."

"Ka faɗa wa makiyayi, ba ka faɗa wa matarka ba."

"Da na faɗa miki, washegari za ki sayar da agogon ki kai ni Kaduna. Ofishin ilimi su ji, su ce in sauka in huta. Kujerar da na jira duk rayuwata, da kyautar da kika sha wuya a kai, duk su tafi lokaci guda. Na ce bari in ga ko zai warware."

"Sai ka bar hannu ya mutu saboda agogo?"

"Na yi wauta. Ki yi min faɗan daga baya." Ya kama kafaɗarta da hannun dama ya miƙe. "Na sa Yero ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba, ban da matarsa. Kin san shi. Ko yanka shi za su yi ba zai buɗe baki ba."

Dinah ba ta san lokacin da ta fita waje ba takalmi tana ƙwala wa Obed maƙwabcinsu kira ya fito da babur.

*

Su biyu suka hau bayan Obed, Malam a tsakiya. Duk ramin da suka faɗa sai hannun ya zame ya yi lilo, sai ta kamo shi ta riƙe a jikinta. Wata nawa tana kwana kusa da hannun nan, sai yau a kan babur ta san halin da yake ciki.

Ofishin 'yan sa-kai ɗaki ɗaya ne da rumfar kwano a bakin hanya. Mutane sun taru a gaba ana ta mayar da zance. Da aka hango Dinah sai wata mata ta ɗaga murya.

"Ga jarumar nan! Allah ya yi miki albarka, Maman Ann!"

Da ƙasa za ta tsage da ta shige.

Dabo, shugabansu, yana zaune kan benci da bindigar toka a jingine. Tsohon maharbi ne, ba mutumin banza ba. Ƙaninsa na cikin waɗanda aka binne a Gwaska, tun daga nan dariya ta bar fuskarsa.

"Malam, sannu da zuwa. Ka gode wa Allah, ka gode wa matarka."

"Ina Yero?"

"Ai maganar ta wuce satar agogo. Mutum uku sun ba da shaida, kullum ana ganinsa bayan makarantarka, safe da rana, yana leƙe. Kai yake wa gadi, Malam. Masu garkuwa da mutane jira suke ya ba su lokaci su ɗauke ka."

"Ni yake jira! Ni nake ce masa ya zo!"

"Mun tambaye shi ta lalama. Ya ce amana ce. Amanar wa? Ya yi shiru. Mai gaskiya ba ya shiru a nan."

"Dabo, ina yake?"

Dabo ya kawar da kai.

"Yara sun fita da shi bakin daji su ƙarasa tambayar."

Babu wanda ke wurin da bai san ma'anar wannan ba. Dinah ta dafa ginshiƙin rumfa.

"Ƙarya na yi!" ta fasa ihu. "Baba Dabo, bai saci komai ba. Mijina ne ya ba shi. Ni ce ban tambaya ba!"

Surutu ya kaure. Dabo ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya zuba wa Malam ido.

"Malam, mun saba ganin wannan. A tsorata mutum, ya zo da bakinsa ya wanke wanda zai cuce shi. Wane hedimasta ne zai ba makiyayi agogon da ya fi saniya daraja ya shiga daji da shi? Kawo dalilin da hankali zai ɗauka."

Malam ya dubi taron. Ga iyayen ɗalibansa. Ga wani masinjan ofishin ilimi a tsaye da ledar tumatir. Abin da ya ɓoye tun farkon damina, kafin la'asar zai gama zaga gari.

"Maman Ann," ya ce, "nuna musu."

"Baban Ann..."

"Nuna musu!"

Ta kama hannun tana kuka, ta ɗaga shi sama yadda kowa zai gani. Ta saki. Ya faɗo ya bugi cinyarsa.

"Hannuna ya shanye," in ji Malam, da muryar da yake magana a taron safe na makaranta. "Agogon nan ba ya tafiya sai hannu na motsi. Na ɓoye wa matata, na ɓoye wa ofis. Yero yake ɗaura min shi ya wuni da shi don kar asirina ya tonu. Amanar ke nan. In akwai wanda ya yi laifi a nan, ga shi a gabanku."

Dabo ya taso ya kama hannun da kansa. Ya matsa yatsun, ya ɗaga, ya saki. Fuskarsa ta sauya.

"Innalillahi."

Ya zaro waya ya danna, ya kara a kunne. Ya sake dannawa. Ya sake.

"Ba ta shiga. Sun wuce inda sabis yake."

"To a bi su mana!" Dinah ta kama gefen rigarsa. "Ka yi wa Allah, Baba Dabo!"

Dabo ya zare rigarsa daga hannunta. Ya fizge makullin babur daga hannun Obed, ya bar bindigarsa a jingine, ya tayar ya miƙi hanyar daji.

Taron ya fara watsewa, kowa na kallon ƙasa. Matar da ta sa mata albarka ɗazu ta sulale ba sallama. Waɗanda suka yi mari a kasuwa kuwa, nema ɗaya ka yi ka rasa, kowa ya zama ɗan kallo.

Suka zauna kan bencin su biyu. Aka kira azahar, aka idar. Inuwar rumfa ta juya.

Agogon na hannunta har yanzu. Ta juya bayansa, ta ga ɗan ƙarfen ya yi lilo ya tsaya.

"Bilyaminu ya ce in ɗauki wancan," ta ce a hankali. "Wanda ake wanawa. Da na ɗauka, da ka wana abinka a ɗaki, babu ruwan Yero."

"Da na buɗe baki, da babu ruwan kowa."

"Ya ce in tambaye ka. Yana ta faɗa. Gida ga shi nan kusa, Baban Ann. Me zai ci ni in na zo na tambaya?"

Ta share hawaye, ta ci gaba.

"Ko da ya ɗaga hannun nan, gaishe ni yake."

Wallahi ni mai rubutun nan na so in ce Dinah ta yi wa kanta, amma na kasa. Son mijinta ne ya kai ta shagon Bilyaminu, shi ne kuma ya sa ta cafke hannun Yero. Bakinta ne dai ya riga hankalinta, kamar kullum, sai dai yau ba a gida ya tsaya ba.

"Maman Ann!"

Muryar mace ce daga tsallaken hanya. Dinah ta ɗago.

Hassana ce, matar Yero, da ƙwaryar nono a ka, ta gama tallan cikin unguwanni. Ta tsaya daga nesa, don babu Bafulatanar da ke taka ƙofar nan da son ranta. Da ta ga su ne kaɗai a kan benci sai ta tsallako a ɗarare.

"Sannunku. Na je gidanku aka ce kuna nan. Lafiya dai? Yau mutanen garin nan ko gaisuwa ba sa amsawa."

Dinah ta sunkuyar da kai.

Ta sauke ƙwarya, ta kwance bakin zane ta ciro wani ɗan gwangwani. Ta dubi Dinah, ta dubi Malam, ta yi jim, sai ta ajiye shi kusa da shi a kan benci.

"Man shafawa ne, Malam. Na... na ciwon baya."

"Ta sani, Hassana," ya ce. "Na faɗa mata."

"To madalla! Wallahi na ji daɗi. Kullum ina ce wa Yero, mace ba a ɓoye mata ciwo. Maman Ann, safe da dare za ki riƙa murza masa, daga kafaɗa zuwa yatsu. Da man shanu na haɗa."

Sai idonta ya sauka kan hannun Dinah, ta saki murmushi.

"Au, ashe har ya kawo. Jiya bai runtsa ba, yana ta cewa Maman Ann za ta tambaya, Malam zai shiga uku. Shanun ma ƙaninsa ya bar wa yau, ya ce sai ya kawo shi gida da kansa. Ko cirewa bai yi ba, wai kar ya tsaya a hanya."

Dinah ta toshe baki da hannu.

"To ina ya yi?" Hassana ta waiga hagu da dama. "Ya ce in same shi wajen masu kanwa, na je ba ya nan."

"Hassana..." Dinah ta zame daga benci ta durƙusa a gabanta. "Hassana, ni..."

Ƙarar babur ta katse ta.

Daga hanyar daji yake tahowa, a guje. Malam ya miƙe. Dinah ta miƙe. Mutum ɗaya ne a kai.

Dabo ya ja birki a gaban rumfa, bai kashe injin ba. Rigarsa ta jiƙe sharkaf, ƙafafunsa duk laka. A gicciye kan cinyarsa akwai sanda, doguwa, mai ɗaurin fata a kai.

Hassana ce ta fara magana, murmushin bai gama barin fuskarta ba.

"Wannan ai sandar Yero ce. Ba ya ajiye ta ko'ina."

Dabo bai san ta ba, bai ko dube ta ba. Ya dubi Malam.

"Malam," ya ce, "a cikinku wa ya san inda matarsa take?"